Ɗaukar hoto da babbar kamarar dijital a Abzin: abubuwan da ya kamata a sani kafin a kama hanyar Tabelot

Aikin adana tarihi a jihar Agadas, daga zanen da ke jikin duwatsu zuwa tsofaffin littattafan malamai, na buƙatar hotuna masu kaifi fiye da waɗanda wayar salula ke bayarwa. Don irin wannan aiki ne gidajen tarihi da masu bincike ke amfani da wata na'ura da Faransawa ke kira dos numérique, wadda a Hausa za a iya ce mata ƙeyar kamara ta dijital. Na'ura ce mai tsada, hotonta kuma na da kyau ƙwarai, sai dai ba ta ɓoye kuskure. Duk ƴar girgiza ko ƙwayar ƙura sai ta fito da ita fili.

A wuri kamar Tabelot, da ke gindin duwatsun Bagzan fiye da kilomita 100 arewa maso gabashin Agadas, ƙura da zafi da ƙarancin wutar lantarki na iya ɓata aikin mako guda cikin yini ɗaya. Babu kuma shagon gyara a kusa. Ga bayanin yadda na'urar take, da matakan da mai ɗaukar hoto zai bi don ya dawo gida da abin da ya je nema.

Mece ce ƙeyar kamara?

Kamarar da aka saba gani dunƙule take, in ban da gilashin gaba da ake iya sauyawa. Manyan kamarori irin na kamfanin Hasselblad na ƙasar Suwidin kuwa kashi uku suke: gilashi a gaba, gangar jiki a tsakiya, sai akwatin baya inda ake zuba fim. Da zamanin dijital ya zo, sai aka ƙera wani akwati mai ɗauke da faifan kama haske, ana cire akwatin fim a maƙala shi a gurbinsa. Wannan akwati shi ne ƙeyar kamara.

Girman faifan ne ya bambanta ta da saura. Faifan kamarorin da yawancin ƴan jarida ke riƙewa milimita 36 ne da 24. Na ƙeyar Hasselblad CFV 100C, wadda ta fito a 2024 da megafiksel 100, milimita 43.8 ne da 32.9, wato ya fi wancan faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Na IQ4 mai megafiksel 150, wadda kamfanin Phase One na ƙasar Denmak ya fitar a 2018, milimita 53.4 ne da 40, kusan ninki biyu da rabi. Hoto guda daga wannan ta ƙarshe ana iya buga shi a takarda mai tsawon santimita 120 da faɗin 90, mutum ya matso da ido bai ga dishi-dishi ba.

Babban hoto irin wannan ba baƙo ba ne a yammacin Afirka. Malick Sidibé na Bamako ya yi suna da hotunan da ya ɗauka a kan fim mai faɗi da kamarar Rolleiflex, har ya samu lambar yabo ta Hasselblad a 2003. Abin da ya sauya yau shi ne faifan dijital ya maye gurbin fim. Wani abin sha'awa kuma, ƙeyar CFV na shiga jikin tsofaffin kamarorin Hasselblad irin 500C da aka fara ƙerawa tun 1957.

Me ya sa Abzin ke buƙatar irin wannan hoto?

Misali mafi kusa shi ne raƙuman dawa na Dabous, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit. Wani mai bincike ɗan Faransa, Christian Dupuy, ya rubuta bayaninsu a 1987. Babban cikinsu ya kai mita 5.4, an sassaƙa shi a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce. Tsoron lalacewa ya sa aka kwafi siffarsu a 1999, aka zuba ta da alminiyom. Idan aka ɗauki wannan zane da ƙeya mai megafiksel 150, kowane ɗigon hoto zai wakilci kusan rabin milimita na dutsen. Bayan shekara goma sai a sake ɗauka, a gwada biyun, a ga inda dutsen ya tsage ko inda wani ya yi masa rubutu.

Akwai irin waɗannan zane-zane a Iwelen da Anakom da sauran kwarurukan Abzin, tare da rubuce-rubucen Tifinag. Akwai kangayen Assode. Akwai tsohon birnin Agadas da hasumiyar masallacinsa mai mita 27, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ita ma gandun Abzin da Tenere na cikin wannan jeri tun 1991.

Mafi yawan hotunan waɗannan wurare baƙi ne suka ɗauke su, kuma a waje ake ajiye da su. A 2013 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya fara aikin tsara hotunan zanen duwatsun Afirka kimanin 25,000 da ya karɓa daga ƙungiyar TARA ta David Coulson. Yanzu da zuwan baƙi yankin ya yi ƙaranci saboda matsalar tsaro, ɗan ƙasa ne ke da damar isa wurin ya ci gaba da aikin. Tabelot kanta na da abubuwan adanawa: garake na albasa, rijiyoyin ban ruwa, hanyoyin hawa Bagzan, da shirye-shiryen ayarin gishiri mai zuwa Fachi da Bilma.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba

Akwatin fim na da wani ƙarfe da ake zurawa ya rufe fim kafin a cire shi. Ƙeyar dijital ba ta da wannan. Da zarar an raba ta da gangar jiki, gilashin da ke kan faifan na buɗe ga iska. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a haɗa komai a cikin ɗaki kafin a fita, kuma kada a raba a fili. In sauya gilashi ya zama dole, a shiga mota a rufe tagogi, a jira ƙura ta lafa, a kifa bakin kamarar ƙasa sannan a sauya. Murfin roba da ke zuwa da ƙeyar ya kasance kullum a aljihu, cikin leda mai tsabta.

Masu amfani da tsofaffin Hasselblad su tuna cewa ba a cire gilashi ko a mayar da shi sai an ɗana kamarar, gilashin ma a ɗane yake. In aka yi gaggawa aka tilasta, kamarar na iya cijewa, kuma warware ta a daji ba ƙaramin aiki ba ne.

Kowace safiya a gwada faifan. A matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, a ɗauki sararin sama ko farar takarda, a faɗaɗa hoton a duba. Baƙaƙen ɗigo alamar ƙura ce. A fara hure ta da ɗan famfon roba na hannu. Kada a hura da baki, domin yawu na barin tabo. Kada kuma a goge da bakin riga ko rawani. Ƙurar Abzin na ɗauke da ƙwayoyin yashi masu karce gilashi, rawanin turkuɗi kuma na zubar da shuni, wanda ke bin yatsu ya shafi duk abin da aka taɓa. Sai bayan an hure ƙurar sarai ne ake goge faifan da auduga ta musamman da ruwanta, jan hannu ɗaya, daga gefe zuwa gefe.

A kan hanya, kamarar ta zauna cikin leda mai zif, ledar kuma cikin jaka mai katifa. A riƙe jakar a cinya ko a kan kujera. Bayan motar ɗaukar albasa ba wurin ajiye ta ba ne, domin jijjigar hanya na kwance kusoshi tana kuma iya gusar da saitin madubin kamarar.

Zafi, sanyi da wutar lantarki

A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Agadas kan haura digiri 40, wato iyakar abin da aka gina yawancin kamarori su jure. Ita ƙeyar baƙa ce, tana kuma yin zafi da kanta idan tana aiki. Faifan da ya ɗau zafi na fitar da hoto mai ɓarɓashi, musamman a wuraren inuwa. Maganin shi ne a kashe ta tsakanin hoto da hoto, a rage kallon kai-tsaye ta allon baya, a yafa mata farin ƙyalle idan tana kan ƙafa a rana. Ba a barin ta cikin mota a rufe ko na rabin sa'a.

A hunturu lamarin ya juya. Ƙololuwar Bagzan, Idukal-n-Taghes, ta kai mita 2,022, kuma babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. Daren Disamba da Janairu a can sama sanyi ne mai tsanani, batir kuma na saurin mutuwa a sanyi. A kwana da batura cikin bargo ko aljihun ciki. Da damina kuwa, idan za a fita daga mota mai sanyaya iska zuwa waje, a bar kamarar cikin jakarta ta ɗan huce, don kada raɓa ta kwanta a gilashi. Wannan ne kuma lokacin da ƙoramu ke kawo ruwa ba zato, ko da ba a yi ruwan sama a inda mutum yake ba, don haka ba a kafa kaya a tsakiyar kwari.

Batun caji a lissafa shi tun daga Agadas. Batura uku ko huɗu, cajar mota, da ƙaramin faifan sola tare da ma'ajiyar wuta sun fi dogaro da sa'a. Idan janareto za a yi amfani da shi, a fara caja ma'ajiyar wutar, daga ita sai a caja baturan, domin hawa da saukar wutar janareto na ƙona caja. Mai tafiya ta jirgin sama ya sani cewa baturan litiyom a jakar hannu ake sa su.

Girgiza da saiti

Ɗigon hoto a sababbin ƙeyoyi bai kai kashi huɗu cikin dubu na milimita ba. Motsin da ido ba ya gani ya isa ya mayar da megafiksel 100 tamkar 20. Shi ya sa ƙafa uku mai nauyi ta zama tilas. A kan yashi a danna ƙafafun su nutse har su tsaya, ko a sa musu faffaɗan dutse a ƙasa. In ana iska, a rataya jaka a tsakiya, a kuma tsaya ta ɓangaren da iskar ke fitowa don a kare kamarar.

Madubin da ke cikin waɗannan kamarori babba ne, tashinsa na girgiza jiki duka. A ɗaga shi tukuna, a jira daƙiƙa biyu ko uku, sannan a ɗauka da igiyar latsawa ko da agogon jinkiri. Idan dole a riƙe a hannu, tsohuwar dabarar zamanin fim ba ta isa ba. Da gilashi mai milimita 80, kada a sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa, 1/500 ma ya fi.

Babban faifai na rage zurfin wurin da ke fita da kaifi. Ana iya saita idon mutum, kunnensa ya fita dishi-dishi. A faɗaɗa hoton a allon baya har ƙarshe, a saita, a ɗauka, a sake dubawa kafin a tashi daga wurin. Wasu na matse ƙofar haske har f/22 don komai ya fita, amma matsewar da ta wuce kima na tausasa hoton duka. Tsakanin f/8 da f/11 ne mafi yawan gilasai suka fi kaifi. In ana son kusa da nesa su fita tare, misali kunyoyin albasa a gaba da dutsen Bagzan a baya, a ɗauki hotuna uku ko huɗu da saiti daban-daban ba tare da motsa kamarar ba, daga baya a haɗe su a kwamfuta.

Akwai kuma batun faɗin gani. Fim ɗin tsohuwar Hasselblad murabba'i ne, milimita 56 kowane gefe, faifan dijital kuwa bai kai haka ba. Abin da ake gani a madubin dubawa ya fi abin da zai shiga hoto yawa, don haka a sa alamar iyaka da ke zuwa da ƙeyar. Gilashi mai milimita 80 zai zama kamar ya matso da abu kusa. Mai son ɗaukar cikin ɗaki ko ƙuntataccen kwari na buƙatar mai milimita 40 ko 50.

Haske da launi

Zanen da aka sassaƙa a dutse ɓacewa yake da rana tsaka, domin babu inuwa a cikin layukansa. Hasken da ke zuwa daga gefe, da hantsi ko bayan la'asar, shi ke fito da shi. A je wurin kwana guda kafin aiki a ga lokacin da rana ke faɗa masa. Idan dutsen na cikin inuwa, farin allo ko fitila da aka ajiye a gefe na yin wannan aiki. A daidaita bayan kamarar da fuskar dutsen don kada siffar ta karkace, a kuma ajiye ma'aunin santimita da allon launuka a gefen hoton farko.

Ba a zuba wa zane ruwa, ba a bin layinsa da alli ko gawayi don ya fito. An yi haka a da, kuma ya lalata zane-zane da yawa a Sahara.

Hoton nesa ma na da lokacinsa. Da rana ta take, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi na sa duwatsu su yi kamar suna rawa, kuma babu gilashin da ke gyara wannan. Hazon hunturu na dusar da launi. Sassafe, ko washegarin ruwan sama, nan ne sararin ya fi tsabta.

Ƙarfin jin haske, wato ISO, a bar shi a ƙasa: 50 a IQ4, 64 a CFV 100C. Tsofaffin ƙeyoyi da ake samu na hannu ba sa jure ɗaga shi sosai. A ɗauki hoto a ɗanyen tsari, wanda ake kira RAW, a gyara shi da manhajar da ta dace, Phocus ga Hasselblad, Capture One ga Phase One.

Hoton mutum mai duhun fata sanye da farar riga a rana na da wuya, amma nan ne wannan na'ura ta yi fice. A auna haske yadda farar rigar ba za ta ƙone ba, daga baya a ɗaga hasken fuskar a kwamfuta. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, inuwa kuwa ana iya ceto ta. Mafi sauƙi shi ne a ja mutum inuwar bishiya ko bakin bukka. Shadda da yadi mai ƙananan layuka kan haifar da wasu launuka na ƙarya kamar bakan gizo. Idan an ga haka, a ɗan matsa gaba ko baya a sake ɗauka.

Ga masu ɗaukar tsofaffin littattafai, irin waɗanda ke hannun iyalan malamai a Agadas ko a sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH a Yamai, a kafa kamarar a sama tana kallon ƙasa, fitilu biyu a gefe da gefe, kowace a karkace. Ba a shanya takarda a rana don a samu haske, ba a kuma danne littafi da ƙarfi don ya buɗe.

Ajiyar hotuna

Hoto guda na haura megabayit 100, wani ya kai 200. Katin gigabayit 64 na iya cika da hotuna kimanin 300. Tura irin wannan ta intanet ɗin waya daga Tabelot ba zai yiwu ba, sai dai a aika ƙananan kwafi. Kowane dare a kwafe aikin yini a faifan ajiya biyu, kowane a jaka daban, in da hali ma a hannun mutum daban. Faifan da ba ya da ƙarfe mai juyawa a ciki, wato SSD, ya fi jure jijjiga. Kada a goge kati sai an buɗe kwafin an tabbatar yana aiki.

A riƙe ɗan littafi a rubuta sunan wuri, kwanan wata, sa'a, da sunan da mutanen yankin ke kiran wurin da Tamashek. Hoton tarihi da ba a san inda aka ɗauke shi ba ya rasa rabin amfaninsa. Sai dai ainihin inda zanen dutse yake ba abin yaɗawa ba ne a Facebook, domin masu fasa dutse su sayar ma na duba hotuna.

Izini da mutunci

Kafin a kafa ƙafa uku a gari, a gaida magajin gari da sarakunan gargajiya, a bayyana musu aikin, a kuma nemi takardar izini daga hukumomin da abin ya shafa. Ba a ɗaukar sansanin soja ko shingen jami'an tsaro. A tafi da ɗan jagora na yankin, a tambayi halin da hanya ke ciki a ranar tafiyar. Garka na da mai ita, a yi sallama kafin a shiga. Mata da yara sai da yardarsu da ta iyalinsu. Wanda aka ɗauka kuma ya cancanci a komo masa da hotonsa a takarda.

Wa ya kamata ya saya?

Lokacin da CFV 100C ta fito, tare da ƴar gangar jikinta amma ba gilashi, kuɗinta ya kusa dalar Amurka 8,200, wato wajen sefa miliyan 5. Cikakken kayan IQ4 kuwa, lokacin da ya fito a 2018, ya kai wajen dala 50,000. Ɗan jarida mai bin labarin gaggawa, ko mai ɗaukar sukuwar raƙuma a bikin Cure Salée na Ingal, zai fi samun biyan buƙata da ƙaramar kamara mai sauri. Mai son babban faifai ba tare da wahalar haɗawa da rabawa ba na iya duba Fujifilm GFX, wadda dunƙule take, ƙura ba ta samun ƙofa da yawa.

Ƙeyar dijital ta fi dacewa da jami'a, gidan tarihi ko ƙungiyar masu hoto da za su saya tare su riƙa karɓa-karɓa. Duk wanda za a miƙa wa ita ya fara yin mako guda yana gwaji a gida, yana haɗawa, yana saiti, yana goge faifai, har hannunsa ya saba. Ranar da aka isa gaban dutsen, hasken da ake buƙata bai fi na sa'a guda ba, kuma ba lokacin koyo ba ne.